Tambayoyi Shida na Kowace Safiya

Asabar, 2 ga Disamba 2023

Baba ya tafi Nijeriya yau. Zai yi mako tara a Sakkwato yana duba tsofaffin littattafai na rubutun hannu saboda digirinsa. A bakin ƙofa ya ce, "Rukayya, ke ce babba." Shi ke nan abin da ya ce. Ƙanwata Amna ta riƙe masa wando tana kuka. Umma ba ta fito daga kicin ba.

Da Hausa zan riƙa rubutu a nan, don a makarantarmu ta nan Masar ba wadda za ta iya karantawa.

Litinin, 4 ga Disamba

Bayan makaranta na raka Umma asibitin mata na Abbasiya. Mutane har kan matakala. Tun da yaƙin Sudan ya koro jama'a wurin ba ya ɗaukar su.

Sun canza tsari. A da duk mako biyu Umma ke zuwa awo, Sista Mahasin ta ja labule su yi ta magana ƙasa-ƙasa. Sista Mahasin Bahaushiyar Sudan ce, Hausarta da Larabci a ciki kamar shinkafa da wake. Yanzu sai wata-wata. Tsakani kuma manhaja ce a waya. An ba mu abin awon jini aro. Kowace safiya a auna, a rubuta lambar, a amsa tambayoyi shida. In amsa ta yi kyau, kore. In da ɗan shakka, ruwan ɗorawa. In ja ne, su za su kira mu da kansu.

Dakta Eman, 'yar Masar, ita ta nuna mana. Tana ta murna da abin. Ta ce wa Umma "ya Umm Rukayya" har sau uku, Umma ta sunkuyar da kai kamar an zage ta. Ni ce 'yar fari. Umma ba ta taɓa kiran sunana ba tunda aka haife ni. "Ke" take cewa, ko "yarinyar nan". Duk 'yan Nijeriya na unguwarmu Hay el-Sabi' Maman Amna suke ce mata. A garinmu Misau haka ake yi, ban taɓa jin haushi ba. To, ba sosai ba.

Umma ba ta jin Larabcin waya, sai na Alƙur'ani. Sista Mahasin ta dube ni ta ce, "Ke ce sakatariya ke nan, ya bitti. Kada ki cika mana ƙarya." Ya bitti wai 'yata ke nan. Na yi dariya. Ta ce ita ma ba ta saba ba, yatsanta ya fi gilashin nan sanin ƙafar mace, amma mata ɗari biyu da wani abu ne a wuyanta, yaya za ta yi.

Talata, 5 ga Disamba

Na karanta tambayoyin a banɗaki tukuna.

Ciwon kai. Gani dishi-dishi. Kumburin ƙafa ko fuska. Waɗannan ukun da sauƙi.

Sauran ukun. Ciwon mara. Jini ko ruwa. Ko motsin jariri ya ragu.

Umma ba ta taɓa gaya mini tana da ciki ba. Wata shida ke nan, kowa yana gani, ta koma sa hijabin nan mai faɗi da Baba ya saya mata har a cikin gida. In Amna ta ce me ya sa cikin Umma ya yi girma, sai ta ce ta ci koshari, dafa-dukan nan na Masar, da yawa. Ni kuma in tsaya a gabanta in ce mata jini?

Na auna. 122 a kan 78. Na yi ukun farko ina kallon waya. Kowace ta ce, "Lafiya lau." Da na zo ta huɗu sai na ce, "Sauran ma lafiya ko?" Ta ce, "Alhamdu lillahi," ta tashi ta ɗora shayi. Na danna a'a, a'a, a'a. Kore.

Alhamis, 7 ga Disamba

Kore.

Talata, 12 ga Disamba

Abin haushi, duk kalmomin nan na san su. Suna cikin littafin ilmin halittu, babi na huɗu, da hotuna masu launi. Na ci tara cikin goma a gwajin babin. Da Larabci ina iya faɗinsu a gaban aji, muryata ba ta rawa sosai. Da Hausa, a gaban Umma, harshena sai ya yi nauyi kamar na sha maganin barci.

Sanyi ya shigo. Amna tana kwana a jikin Umma, tana sa hannu a wuyanta. Ni ban tuna ranar da na taɓa Umma ba sai yanzu da nake ɗaura mata abin awo. Hannunta da ɗumi. Tana kallon bango har na gama.

Juma'a, 22 ga Disamba

Baba ya kira ta bidiyo. Ya ce, "Yaya jikin?" Umma ta ce da sauƙi. Ya ce, "Rukayya, ana cika abin asibitin?" Na ce kullum. Ya ce madalla, Allah ya yi mini albarka. Daga nan ya shiga labarin wani littafi da gara ta cinye rabinsa.

Yanzu ukun farkon ma ba na yi ɗaya-ɗaya. "Ba komai ko?" "Ba komai." Minti biyu mun gama, in kama motar makaranta.

Talata, 26 ga Disamba

Ranar asibiti. Sista Mahasin tana can ɗakin allura da layi har waje, sai aka ce ni in shiga in yi tafinta. Dakta Eman ta buɗe kwamfuta ta juyo mana da ita. Kwana ashirin da biyu, kore a jere kamar gonar albasa. Ta ce da duk marasa lafiyarta haka suke da ta huta. Ta ce ni yarinyar kirki ce. Ta saurari bugun zuciyar jaririn, muka ji shi dukanmu, fat-fat-fat da sauri. Na kalli takalmina.

Ta ce in tambayi Umma ko akwai abin da ke damunta. Na tambaya. Umma ta buɗe baki, ta dube ni, ta rufe. Ta ce babu.

A hanyar fita ta tsaya jim a ƙofar ɗakin allura. Sista Mahasin ta ɗago hannu daga nesa ta ce, "Maman Amna, tamam? Lafiya dai?" Umma ta ce tamam. Muka wuce. Sai 23 ga Janairu kuma.

Laraba, 3 ga Janairu 2024

Jarrabawa ta kusa. 131 a kan 84. Har yanzu kore.

Lahadi, 7 ga Janairu

Yau ruwan ɗorawa. 139 a kan 89. Wayar ta rubuto a huta, a sake awo gobe, in akwai ɗaya daga cikin alamomin a danna i.

Na ga silifas ɗinta. Diddigenta a waje yake, ta koma sa na Baba. Ta ɗaure kai da ɗankwali tamau tun safe, ta rufe tagar falo wai haske ya yi yawa. Na ce, "Umma, kanki ne?" Ta ce, "Ke je ki yi karatunki."

Na tsaya da yatsana a kan kumburi. Amma ita ta ce babu. In na danna i, za su kira, su yi mata tambayoyin nan ta bakina. Kuma kamar na ƙaryata ta ne. Na danna a'a.

Bayan la'asar wata dabara ta zo mini. Umma tana karanta ajami, Baba ya koya mini ni ma. Na yago takarda na rubuta tambayoyin shida da Hausa da baƙaƙen Larabci, har da ukun ƙarshe. A ƙasa na rubuta: a sa ɗigo a gaban wanda yake akwai. Ban sa sunana ba, ban sa nata ba. Na ninke na sa a ƙarƙashin filas ɗin shayinta.

Litinin, 8 ga Janairu

Takardar ba ta nan. Umma ba ta ce komai ba, ba ta dube ni ba. Na duba kwandon shara ma. Wayyo kunya. Ina ganin ranta ya ɓaci, ta ce yarinyar nan ta zama 'yar Masar, ba ta da ta-ido.

Ba zan ƙara ba.

Laraba, 10 ga Janairu

An gama ilmin halittu! Babi na huɗu ya fito, na rubuta shafi biyu. Na dawo na jefar da littafin a kan tebur, sai da yamma na tura shi saman kabad. Ba na son ganinsa sai zango mai zuwa. Saura nahawu da lissafi da fiƙihu.

Alhamis, 11 ga Janairu

Ruwan ɗorawa, kwana biyar ke nan. Jiya wata daga asibitin ta turo saƙo a rubuce, ko akwai alamomi. Na amsa babu.

Yau Umma ta yi abin da ba ta saba ba. Ina wanke kofuna ta tsaya a bayana ta ce, "Asibitin sun ce wani abu?" Na ce sun ce a huta. Ta ce, "Shi ke nan abin da suka ce?" Na ce shi ke nan. Ta ce, "To, su suka sani. Alhamdu lillahi."

Asabar, 13 ga Janairu

Ta sake tambaya. "Ba su kira ba?" Ba su kira ba.

Ta daɗe zaune a kan darduma bayan azahar da hannu a kan ciki. Da ta ga na shigo ta sauke hannun.

Talata, 16 ga Janairu

Ban san ta inda zan fara ba.

Jiya na dawo daga lissafi wajen ƙarfe ɗaya. Amna tana bakin ƙofa ta ce Umma ta zauna a ƙasan kicin ta ƙi tashi. Na same ta ta jingina da firij. Ta ce, "Waye?" Ni ce a gabanta, da rana tsaka, ta ce waye.

Na auna. 172 a kan 114. Na sa a wayar, ta yi ja tun kafin in taɓa tambayoyin. Ko minti uku ba a yi ba Sista Mahasin ta kira. Abin yana aiki. Yana aiki yadda suka ce. Ta ce in ba Umma wayar, na kanga mata a kunne, na ji Umma tana magana da ita da wata murya ƙarama da ban san tana da ita ba. Na ji ta ce, "Tun wancan makon." Sista Mahasin ta yi salati har ina jiyowa.

Muka hau tasi, matar Malam Sulaimanu abokin Baba ta karɓi Amna, asibitin ya tura mu babban asibiti. Na zauna a benci. Da magariba Sista Mahasin ta iso da kayan aikinta a jikinta, ta zauna kusa da ni ta riƙe mini hannu. Ta ce Umma za ta tashi in sha Allahu.

Namiji ne. Bai zo da rai ba.

Alhamis, 18 ga Janairu

Malam Sulaimanu da ɗalibai huɗu suka kai shi maƙabarta. Baba ya iso jiya bayan an gama. Ya zauna a falo, mutane suna shigowa suna cewa Allah ya sa mai ceto ne. Ya ce mini, "Kin yi ƙoƙari, Rukayya. Ke kika ceci uwarki." Na shiga banɗaki na buɗe famfo.

Lahadi, 21 ga Janairu

An sallamo Umma. Ta rame a fuska. Nononta yana zuba, tana ɓoyewa da mayafi. Amna ta ce ina koshari ya tafi.

An bar mana abin awon. Mako shida za a ci gaba, tambayoyin sun ɗan canza. Baba ke cikawa yanzu, suna rufe ƙofa.

Laraba, 24 ga Janairu

Hutu. Na hau kujera ina gyara saman kabad don in samu abin yi. Littafin ilmin halittu ya faɗo.

Takardar tana ciki. A babi na huɗu, inda na naɗe kusurwar shafi.

Ta sa ɗigo a ciwon kai. Ɗigo a kumburi. Ɗigo a dishi-dishi, ƙarami, kamar ta yi shakka. A gaban ta shida ba ɗigo ta sa ba, rubutu ta yi, da biron Baba, baƙaƙen sun karkace: kwana uku.

Ta amsa. Ta riƙe ta kwana biyu sannan ta amsa. Ta sa a littafin da kullum take ganina da shi, don kada mu haɗa ido. Ranar Laraba ta sa, ranar da na gama da shi. Shi ya sa take tambaya ko sun kira. Ta ɗauka na gani, na rubuta musu, likitoci sun karanta sun ce a huta kawai. "Su suka sani."

Ni kuma kowace safiya a'a, a'a, a'a.

Alhamis, 25 ga Janairu

Ban ci abinci ba. Na ce cikina ne.

Asabar, 27 ga Janairu

Na ce zan je karɓo littafi wurin ƙawata. Ƙarya, Allah ya yafe mini. Na hau mota zuwa Abbasiya. Na jira Sista Mahasin awa biyu har ta fito shan shayi a bayan asibitin. Na miƙa mata takardar.

Ta karanta. Ashe ta iya ajami, kakarta ta koya mata. Ta daɗe tana kallo. Na ce, da na buɗe littafin ranar Laraba, da yana raye? Ta ce ba ta sani ba. Ta ce ba za ta ce mini i ba, ba za ta ce mini a'a ba, a'a ta yi yawa a maganar nan. Sai ta ga fuskata ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ya bitti, bakina ne."

Ta ce laifin da take gani nata ne. Ita Bahaushiya ce, ta san mece ce 'yar fari. Ranar da ta ce mini sakatariya ya kamata ta tuna. "Dakta Eman ba ta sani ba, wanda ya ƙera abin nan bai sani ba. Ni na sani. Na ga kore na ji daɗi, na wuce ta gaba." Ta ce a cikin matanta akwai aƙalla goma da 'ya'yansu ke cika musu, wata ma ɗanta namiji. Tun ranar Talata take bin su ɗaya-ɗaya.

Na ce kada ta gaya wa Baba. Ta ce ba ita ke da maganar ba.

Ta saya mini sandwicin ful, dafaffen waken nan, ta tsaya a kaina sai da na cinye.

Talata, 30 ga Janairu

Sista Mahasin ta zo gida da kanta. Ta ce ta yi magana da Dakta Eman, an buɗe wani wuri a manhajar da mace za ta danna ta yi magana da bakinta, da kowane harshe, saƙon ya tafi wurinta kai tsaye. Dama wurin yana nan, ba a kunna ba ne. Ta koya wa Umma: ki danna nan, ki riƙe, ki yi magana, ki saki. Umma ta gwada ta ce "Salamu alaikum" ta saki da sauri. Suka yi dariya su biyu. Rabon da in ji dariyarta.

To shi ke nan. Baba zai koma Sakkwato ranar Asabar ya ƙarasa mako biyun da suka rage, kuma ba a buƙatata. Ya kamata in ji sauƙi.

Juma'a, 2 ga Fabrairu

Baba ya tafi masallaci da Amna. Umma tana ninke kaya a kan gado. Na shiga na ajiye takardar a gabanta, a kan zanen da take ninkewa. Ban shirya ba, ƙafafuna ne suka kai ni.

Na ce, "Ban gani ba. Sai bayan an gama."

Ta dubi takardar. Ta ce, "Na ɗauka kin gani."

Na ce ban gani ba. Na ce duk kwanakin nan a'a nake sa musu.

Ta ci gaba da ninke zanen, ta ninke shi har ya zama ƙarami ƙwarai, ta warware ta sake. Ta ce kwanansa ne ya ƙare. Can kuma ta ce, ba da ni take ba, da zanen take, "Da bakina a jikina."

Na fita. Ba ta kira ni ba. Da me za ta kira ni.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Baba ya tafi jiya.

Da safe na ɗaura mata abin awo. 134 a kan 86. Na buɗe mata wurin maganar na ajiye wayar a gefenta, na juya zan fita in ba ta wuri. Ta turo mini wayar da bayan hannu. Ta ce, "Abin nan ba ya jin Hausata. Ke karanto."

Yana ji. Ranar Talata ya ji.

Na zauna a bakin gado. Ita tana kallon bango, ni ina kallon waya. Ciwon kai? Ta ce kaɗan, da rana. Na rubuta. Dishi-dishi? Babu. Kumburi? Sai ta zaro ƙafarta daga bargo ta ɗora a kan cinyata. Na danna da babban yatsa yadda Sista Mahasin take yi, na ƙirga biyar. Wurin ya lotsa kaɗan, ya dawo. Na rubuta kaɗan.

Ta huɗu. Na ce, "Jinin fa, Umma?" Da Hausa. Muryata ta fito kamar ta Amna.

Ta ce, "Ya ragu. Jiya ya ɗan dawo."

Na rubuta yadda ta faɗa. Ruwan ɗorawa ya fito, Sista Mahasin ta kira kafin azahar, ta ce ba abin tsoro ba ne, a sake gobe.

Ba wani abu ba ne. Minti shida maimakon biyu, zan riƙa tashi da wuri in an koma makaranta. Har muka gama ba ta janye ƙafar ba, ina jin ta manta ne. Ni ma ban tuna mata ba.